Shekara bakwai nawa ce? Fashin baƙi a kan shari'ar Olivia de Havilland da kamfanin Warner

A watan Agustan 1943 Olivia de Havilland tana da shekara 27, kuma a lissafinta ta gama sauke nauyin da kamfanin finafinai na Warner Bros. ya ɗora mata. Kwantiragin shekara bakwai ta sa wa hannu a 1936, shekara bakwai kuwa sun cika har da ɗoriya. Sai kamfani ya aiko mata cewa da sauran aiki, yana bin ta kusan wata shida. Hujjarsa ita ce an sha dakatar da ita a tsawon waɗannan shekaru saboda ta ƙi fitowa a wasu finafinai, kuma kwanakin dakatarwa ba sa shiga lissafi, sai mutum ya dawo ya rama su. Haka ake yi wa kowa a Hollywood a wancan zamani, kowa kuma haɗiyewa yake yi. Ita sai ta garzaya kotu.

Wanda ya ji labarin daga nesa zai ce wata shida ai bai kai abin rigima ba, ta daure ta yi mana ta huta. Kafin a gane dalilin da ya sa ta gwammace ta jefa sana'arta cikin haɗari a kan ta yi wannan daurewa, sai an san yadda aka gina masana'antar da ta tsinci kanta a ciki tun ba ta kai shekara ashirin ba.

A Tokyo aka haife ta ranar 1 ga Yulin 1916, iyayenta Turawan Ingila ne. Auren bai yi ƙarko ba. A 1919 mahaifiyarta Lilian ta kwashi 'ya'yanta mata biyu, Olivia da ƙanwarta Joan, ta bar Japan, suka ƙare a wani ƙaramin gari mai suna Saratoga a jihar Kalifoniya. Uwar ta taɓa karatun wasan kwaikwayo a Landan, don haka tun suna ƙanana take sa su karanta Shakespeare da ƙarfi, tana gyara musu lafazi. Olivia dai malanta take so, har ta samu gurbin karatu kyauta a kwalejin Mills. Amma a 1934 Max Reinhardt, fitaccen daraktan wasan dandamali da ya yi suna a Berlin, ya zo Kalifoniya zai shirya wasan A Midsummer Night's Dream a babban filin Hollywood Bowl. Aka ɗauki yarinyar a matsayin ta ko-ta-kwana ta biyu. Ana dab da fara wasa sai matan biyu da ke gabanta suka janye, ita ta hau dandamali. Da Warner ya yanke shawarar mayar da wasan fim, Reinhardt ya tafi da ita. A watan Nuwamban 1934 ta sa hannu a kwantiraginta na farko a kan dala 200 a mako, a 1936 aka sabunta shi zuwa na shekara bakwai a kan dala 500 a mako. Ga yarinyar da ta bar gida saboda mijin uwarta ya hana ta wasan makaranta, a lokacin da miliyoyin Amurkawa ba su da aikin yi, wannan kuɗi ba ƙarami ba ne.

Manyan kamfanoni biyar ne ke riƙe da masana'antar: MGM, Paramount, Warner, Fox da RKO. Ƙarfinsu bai tsaya ga shirya fim ba. Su ke shiryawa, su ke rarrabawa, kuma su ke da manyan gidajen sinima na birane inda ake samun mafi tsokar kuɗin tikiti. Mai ƙaramin gidan sinima da ke son fim ɗaya mai farin jini sai an haɗa masa da tarin wasu da bai ko gani ba, ya saya a dunƙule. Kamfani irin Warner yakan fitar da kusan fim guda a kowane mako, kuma aiki mai wannan yawa ba ya yiwuwa sai da ma'aikata na dindindin: marubuta, daraktoci, masu kyamara, masu ɗinki, da 'yan wasa da za a iya kira kowace safiya a ce ga abin da za ku yi. Kwantiragin shekara bakwai shi ne igiyar da ta ɗaure su duka.

Igiyar kuwa gefe ɗaya take ɗaurewa. Ɗan wasa ba shi da ikon fita sai wa'adi ya cika, amma kamfani yana da damar dubawa duk bayan wata shida ko shekara, ya ce ya ci gaba da shi ko ya sallame shi. Idan tauraronka ya dusashe an rabu da kai ke nan. Idan ya haska, albashinka zai bi matakan da aka rubuta tun ranar da ba wanda ya san ka. Kamfani ke zaɓar fim, shi ke zaɓar matsayin da za ka fito, yana iya sauya maka suna, ya sauya launin gashi, ya tsara abin da jaridu za su rubuta a kanka. Yana kuma iya bayar da kai aro ga wani kamfani, kamar yadda ƙungiyoyin ƙwallo ke bayar da ɗan wasa aro a yau, ya karɓi kuɗi mai kauri, kai kuwa albashinka na mako yana nan yadda yake. Don adalci, tsarin ya ba mutane da yawa abin da ba za su samu a wani wuri ba: albashi tabbatacce, horo a kan magana da rawa da tafiya, da rundunar masu talla da ke mayar da yarinyar ƙauye sananniya a duniya cikin shekara biyu. Olivia kanta 'yar wannan tsari ce. Ba don shi ba, da wuya mu san sunanta.

Matsalarta ita ce gidan da ta faɗa. Warner kamfanin maza ne, finafinansa na 'yan daba ne da gidan yari da yaƙi, taurarinsa su James Cagney, Edward G. Robinson, Paul Muni, daga baya Humphrey Bogart. Idan an samu labari mai nauyi da mace za ta ja, na Bette Davis ne. A 1935 aka haɗa Olivia da wani saurayi ɗan Ostareliya da ba a sani ba, Errol Flynn, a Captain Blood. Fim ɗin ya yi kasuwa fiye da zato, daga nan kamfani ya ga ya samu abin da ke kawo kuɗi. Finafinai takwas suka yi tare, yawanci a matsayin masoya, ciki har da The Adventures of Robin Hood na 1938, wanda har yau ana kallonsa da daɗi. Sai dai aikinta a yawancinsu ɗaya ne: kyakkyawa mai kunya da kamun kai, tana jiran jarumi ya gama faɗa da takobi ya zo. Tana yin abin da kyau, shi ya sa ma aka ƙi ba ta wani.

Damar da ta nuna abin da ke cikinta daga waje ta zo. Furodusa David O. Selznick yana neman wadda za ta fito a matsayin Melanie a Gone with the Wind, Jack Warner, ɗaya daga cikin masu kamfanin Warner, kuma ya ce ba zai bayar da ita ba. Sai ta zagaya ta bayan gida, ta gayyaci matarsa Ann shan shayi ta roƙe ta, matar ta shawo kan mijin. Melanie mace ce mai kirki da yafiya, irin matsayin da kan fita salam a hannun wadda ba ta ƙware ba, amma Olivia ta sa mata wani ƙarfi na cikin zuciya da ya sa aka zaɓe ta cikin masu takarar Oscar. Hattie McDaniel, abokiyar aikinta a fim ɗin, ce ta ci kyautar a 1940, baƙar fata ta farko da ta taɓa samu, a wani otal da aka zaunar da ita a tebur na daban a gefe. Fim ɗin kansa ya yi wa zamanin bauta kwalliyar da ba ta dace da shi ba, wannan kuma zance ne mai zaman kansa.

Tana dawowa gida aka nuna mata matsayinta. Aka sa ta a The Private Lives of Elizabeth and Essex a matsayin ɗaya daga cikin matan fada, ƙarƙashin Davis da Flynn. A 1941 aka sake bayar da ita aro ga Paramount, ta yi Hold Back the Dawn, aka sake zaɓarta a takarar Oscar, wannan karon a rukunin babbar jaruma, ƙanwarta Joan Fontaine ta kayar da ita. Lissafin ya fito fili: takara biyu, duka biyun a gidan wasu. Abin da ya fi ciwo shi ne na ƙarshen wa'adinta, lokacin da Warner ya ba Selznick ita a musayar Ingrid Bergman da yake buƙata don Casablanca, shi kuma Selznick ya miƙa ta ga RKO, aka sa ta a wani fim na barkwanci mai suna Government Girl da ba ta so ko kaɗan.

Tun daga 1940 ta fara cewa a'a, kuma a nan ne tarkon yake. Idan ɗan wasa ya ƙi labari, sai a dakatar da shi ba albashi. Ba shi da izinin yin aiki a wani kamfani. Dakatarwar takan ɗauki tsawon lokacin da wanda ya maye gurbinsa zai gama fim ɗin, sannan a ɗauki waɗannan makonni a liƙa a ƙarshen kwantiragi. Ka ga hukunci uku a kan laifi ɗaya. Kuma a cikin wata shidan da ake cewa ta rama, ba abin da zai hana a kawo mata labarin da aka san ba za ta karɓa ba, ta ƙi, a sake dakatar da ita, a sake ƙara kwanaki. Muddin kamfani ne ke zaɓar labari kuma shi ke riƙe da kalanda, ranar fita tana hannunsa. Ga mace abin ya fi muni, domin a Hollywood ta wancan lokaci shekarun da ake ba mace ta ja fim ba su da yawa. Duk watan da aka ƙara mata, daga cikin waɗannan 'yan shekaru aka yanko shi.

Ba ita ta fara tayar da ƙayar baya ba. A 1936 Bette Davis, da Oscar ɗinta ta farko a hannu, ta yi fushi ta haye Ingila za ta yi fim da wani furodusa a can. Warner ya bi ta har kotun Landan. Lauyan kamfanin, Sir Patrick Hastings, ya nuna ta a matsayin yarinya marar ji da ke neman ƙarin kuɗi kawai, alƙali kuma ya hana ta yi wa kowa aikin fim ban da Warner. Ta dawo da bashi a wuya, ko da yake daga baya an riƙa ba ta labarai masu kyau. Cagney ma ya yi shari'a da kamfanin a shekarar ya ci, amma a kan wani sharaɗi da aka karya masa shi kaɗai, don haka nasarar ba ta amfani kowa ba. Darasin da 'yan fim suka ɗauka shi ne ba a ja da kamfani. Abin da ba a kula da shi ba shi ne kotun Landan da dokar Ingila ta yi hukunci, ba wanda ya gwada dokar Kalifoniya kanta.

Lauyan Olivia, Martin Gang, shi ya nuna mata wannan ƙofa. Tun 1872 jihar tana da doka da ta ce ba za a tilasta wa ma'aikaci cika yarjejeniyar aiki fiye da shekara biyu ba. A 1919 aka mayar da wa'adin shekara biyar, a 1931 aka mayar bakwai, a 1937 kuma aka shigar da ita cikin kundin dokokin ƙwadago a matsayin sashe na 2855. Daga nan ma kamfanonin suka samo adadin bakwai ɗin, wato iyakar abin da doka ta ba su suka ɗauka. Abin da sashen ya ce a taƙaice shi ne ba a tilasta irin wannan yarjejeniya a kan ma'aikaci bayan shekara bakwai daga ranar da ya fara aiki. Ranar 23 ga Agustan 1943 ta shigar da ƙara a babbar kotun Los Angeles, tana neman a bayyana cewa kwantiraginta ya ƙare.

Lauyoyin Warner sun tsaya a kan ƙafa biyu. Ta farko, shekara bakwai ɗin da doka ke nufi shekarun aiki ne na zahiri, musamman ga masu baiwa ta musamman irin taurarin fim, waɗanda ba a samun madadinsu cikin sauƙi. Kamfani ya kashe kuɗi ya gina ta, ya kamata ya mori cikakken aikin shekara bakwai. Ta biyu, ko da doka ta ba ta wannan kariya, ai da hannunta ta sa hannu a takardar da ta yarda a riƙa ƙara kwanakin dakatarwa, wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Hujja ta biyun ba ta banza ba ce, domin ginshiƙin dokar ciniki shi ne abin da baligi ya amince da shi ya hau kansa.

A watan Maris na 1944 alƙali Charles Burnell ya ba ta gaskiya. Kamfani ya ɗaukaka ƙara. Ranar 8 ga Disamban 1944 alƙalai uku na kotun ɗaukaka ƙara, a hukuncin da mai shari'a Clement Shinn ya rubuta, suka tabbatar da nasararta baki ɗaya. A kan hujja ta farko suka ce shekara shekara ce kamar yadda kowa ya san ta a kalanda, kuma da majalisa tana nufin kwanakin aiki kawai, da ta rubuta haka, kalmomin ba su yi mata wuya ba. A kan ta biyu ne suka yi maganar da ta fi nauyi. Suka ce ba don amfanin mutum ɗaya aka yi dokar ba, an yi ta ne don amfanin jama'a, saboda yana daga maslahar al'umma ma'aikaci ya samu lokacin da zai iya sauya wurin aiki yayin da gwanintarsa ta ƙaru ko yanayinsa ya sauya. Dokar da aka kafa don jama'a kuwa mutum biyu ba su isa su soke ta a tsakaninsu ba, ko da ɗayansu ya yarda. Idan aka bar ma'aikaci ya iya yafe wannan haƙƙi, kowane mai ɗaukar aiki zai sa yafewar ta zama sharaɗin farko, dokar ta zama hoto. A farkon 1945 kotun ƙolin jihar ta ƙi sauraron ƙarar Warner, magana ta ƙare. Tun daga lokacin ake kiran sashen da dokar De Havilland.

Ba a kyauta ta samu ba. Dala 13,000 ta kashe daga aljihunta, kuma Jack Warner ya aika wa sauran kamfanoni takardar gargaɗi cewa har yanzu tasa ce, kada kowa ya taɓa ta. Kusan shekara biyu ba ta tsaya gaban kyamara ba, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, lokacin da sinima ke cika maƙil. Ta riƙa yin wasannin rediyo, tana ziyarar sojojin da ke kwance a asibitoci, har tsibiran Aleutian da Fiji, inda ciwon huhu ya kwantar da ita. Da ta faɗi a kotu, da ta koma hannun mutumin da ta kunyata a bainar jama'a.

Abin da ta yi da 'yancin shi ne ya gaskata ƙorafinta, kuma a ganina ya fi hukuncin kotun ƙarfi a matsayin amsa ga Jack Warner. A To Each His Own na 1946 ta fito a matsayin budurwar da ta haihu ba aure lokacin yaƙin duniya na farko, ta rasa ɗan ga wasu, ta yi ta kallonsa daga nesa har ta manyanta. Ta ci Oscar. A The Snake Pit na 1948 ta ajiye kwalliya gaba ɗaya ta fito a matsayin matar da aka kai asibitin masu taɓin hankali na gwamnati, bayan ta ziyarci irin waɗannan asibitoci ta ga cunkoso da yadda ake kula da marasa lafiya, a zamanin da ba a kawo wannan zance cikin fim. Sai The Heiress na 1949, wanda ita ce ta kalli wasan a dandamalin New York ta nemi darakta William Wyler ya je ya gani. Labarin 'yar wani likita mai kuɗi ne, marar sakin jiki, wadda ubanta ya raina, wani saurayi kuma ya nuna yana son ta don dukiyarta. Abin kallo a fim ɗin shi ne yadda muryarta ke sauyawa, daga siririya mai rawa zuwa mai sanyi da kaifi, har zuwa inda ta sa aka kulle ƙofa saurayin yana bugawa. Oscar ta biyu ke nan. Cikin shekara huɗu ta yi takara uku ta ci biyu, bayan shekara tara a Warner ba tare da fim ɗin gidan ko ɗaya ya kai ta takara ba.

Akwai masu cewa ita ta rusa tsarin manyan kamfanoni. Wannan ya yi yawa. Abin da hukuncin ya yi kai tsaye shi ne ya cire wa dakatarwa haƙoranta, ya kuma sa ranar ƙarewar kwantiragi ta zama tabbatacciya. Waɗanda suka fara cin moriya su ne mazan da suka tafi yaƙi, domin kamfanoni sun so su ɗauki shekarun soja a matsayin hutun da za a rama. James Stewart ya shiga soja a 1941, ya dawo a 1945, bai koma ƙarƙashin MGM ba. A 1950 dillalinsa Lew Wasserman ya ƙulla masa cinikin da ya zama abin koyi, inda ya karɓi kaso daga ribar Winchester '73 maimakon albashi. Ƙarfi ya fara komawa hannun taurari da dillalansu. Amma bugun da ya karya ƙashin bayan tsarin daga wasu wurare ya zo. A watan Mayun 1948 kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar gwamnati da Paramount da sauran kamfanoni, wanda ya haramta sayar da finafinai a dunƙule ya kuma kai ga raba su da gidajen sinimarsu. Ga talabijin ta shiga gidaje, masu zuwa sinima suna ta raguwa tun bayan 1946. Kamfanin da ba shi da tabbacin inda zai nuna fim hamsin a shekara ba ya buƙatar ajiye ɗaruruwan 'yan wasa yana biyan su. Su da kansu suka riƙa sallama, har Clark Gable ya bar MGM a 1954. Kuma kada a manta, 'yancin da ya yi wa manyan taurari daɗi bai yi wa ƙananan 'yan wasa haka ba. Wanda ke fitowa a matsayin ɗan sanda ko mai gadi, albashin mako ya fi masa komai, shi kuma ya tafi tare da tsarin.

Ita ma 'yancin ya zo mata da nasa tsada, domin wanda ke zaɓa da kansa yakan yi kuskure da kansa. An yi mata tayin jan fim ɗin A Streetcar Named Desire ta ƙi, Vivien Leigh ta karɓa ta ci Oscar da shi. Ita kuwa ta koma dandamali, ta cika burinta na fitowa a matsayin Juliet a New York a 1951, tana da shekara 34. Wasan bai daɗe ba aka rufe. Candida na Bernard Shaw ya yi kasuwa a zagayen garuruwa, amma a New York a 1952 bai daɗe ba shi ma. Sai a 1962, a A Gift of Time tare da Henry Fonda, inda ta fito a matsayin matar da ke jinyar mijinta mai ciwon daji, ta samu yabon da ta daɗe tana nema a dandamali. A fahimtata gwanintarta ta kusa da kyamara ce, ta ido da ɗan motsin fuska, abin da mai zama a layin baya na babban zaure ba ya gani.

A 1955 ta auri Pierre Galante, ɗan jaridar mujallar Paris Match, ta koma Paris da zama, ba ta sake mayar da Hollywood gida ba. A 1965 ta zama mace ta farko da ta shugabanci alƙalan bikin finafinai na Cannes. Finafinai kuwa sai raguwa suke, kamar yadda ya faru da duk matan zamaninta da suka haura arba'in. Abin da ya rage musu a shekarun 1960 shi ne finafinan ban tsoro, inda ake sayar da tsohon suna da tsufan fuska. Ta yi Lady in a Cage, ta kuma maye gurbin Joan Crawford a Hush... Hush, Sweet Charlotte tare da ƙawarta Bette Davis, duka a 1964. A na biyun ta yi amfani da fuskar kirkin da aka san ta da ita ta ɓoye muguwar mace, abin ya yi kyau ƙwarai.

Talabijin, wadda ta taimaka wajen kashe tsohuwar Hollywood, ita ce ta zama mafakar tsofaffin taurarinta. A nan Olivia ta ƙarasa aiki, yawanci a matsayin dattijuwa mai martaba. Ta fito a Roots: The Next Generations na 1979, ci gaban labarin zuriyar Kunta Kinte, kuma abin dariya sunan matar da ta fito a matsayinta Misis Warner. Ta zama mahaifiyar Sarauniyar Ingila a wani fim na 1982 a kan auren Charles da Diana, ta ci kyautar Golden Globe da Anastasia: The Mystery of Anna na 1986, ta rufe da The Woman He Loved a 1988. Rashin jituwarta da ƙanwarta Joan, wanda jaridu suka shekara saba'in suna ci da shi, ya fi shari'arta shahara a wurin mutane da yawa, alhali shi ne mafi ƙarancin amfani a tarihinta.

Ta sake komawa kotu tana dab da cika shekara ɗari da ɗaya a duniya. A 2017, shekarar da Sarauniya Elizabeth ta ba ta sarautar Dame, ta kai tashar FX ƙara a kan shirin Feud, wanda wata ta fito a cikinsa a matsayinta, tana cewa an sa mata maganganun gulma da zagin da ba ta taɓa yi ba. Wannan karon ba ta yi nasara ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta Kalifoniya ta kori ƙarar a 2018 bisa 'yancin faɗin albarkacin baki, kotun ƙolin Amurka kuma ta ƙi saurara a farkon 2019. Ta rasu a Paris a watan Yulin 2020 tana da shekara 104.

Inda dokar take da sauran rigima a yau shi ne harkar waƙa. Kwantiragin mawaƙa da adadin albam ake ƙulla shi, ba da shekaru ba, kuma albam bakwai na iya cin shekara goma sha biyar, tunda kamfani ne ke tsara tazarar fitarwa. Ganin haka kamfanonin faifai suka matsa wa majalisar Kalifoniya, a 1987 aka ƙara wa sashen wani reshe da ya shafi mawaƙa kaɗai: mawaƙi na iya fita bayan shekara bakwai, amma kamfani na da damar neman diyyar albam ɗin da bai kawo ba. Da ƙungiyar mawaƙa ta Thirty Seconds to Mars ta nemi fita daga hannun kamfanin faifai na EMI a 2008 bisa wannan doka, kamfanin ya maka ta a kotu yana neman dala miliyan 30, aka sasanta a 2009 kafin alƙali ya ce komai. Yawancin irin waɗannan ƙararraki a sasantawa suke ƙarewa, domin kamfanoni ba sa son hukuncin da zai zama hujja ga kowa, mawaƙa kuma ba sa son zaman shekara biyu ba aiki. An yi yunƙurin soke reshen na 1987 a majalisar jihar a farkon shekarun 2000, aka sake yi a 2022, duka biyun ba su kai labari ba.